Sunayen Da Fayil Ba Ya Ɗauka: Tarihin CON, NUL Da Ƴan Uwansu, Daga CP/M Zuwa Wine

Duk wanda ya taɓa buɗe sabuwar folda a kwamfuta mai Windows 7 ko Windows 10, ya yi nufin raɗa mata suna CON, ya san abin da ke biyo baya. Kwamfutar za ta ƙi, ta ce sunan na'urar da aka ambata ba daidai ba ne, alhali mai ita bai ambaci wata na'ura ba. Haka abin yake ga PRN da AUX da NUL, da COM1 har zuwa COM9, da LPT1 har zuwa LPT9. Ko da manyan baƙaƙe aka rubuta ko da ƙanana, duk ɗaya ne, kuma liƙa wa sunan wutsiya kamar con.txt ko aux.c ba ya fitar da shi. Ga masu aiki da Faransanci, kamar yadda ake yi a ofisoshin Nijar da Kamaru da Cadi, abin ya fi saurin cin karo da mutum, domin uku daga cikin sunayen nan, con da aux da nul, kalmomi ne na yau da kullum a harshen.

An daɗe ana yaɗa labarin cewa wai CON laƙabi ne da aka tsokani Bill Gates da shi yana yaro, shi ya sa ya haramta shi. Labarin ba shi da tushe. CON gajarta ce ta sunan wurin da mai aiki ke zama gaban na'ura, wato allon madannai da fuskar da ke nuna rubutu, kuma sunan ya girmi Windows da shekaru fiye da goma.

Asalin abin yana wajen kamfanin DEC na Amurka. A manyan kwamfutocinsa na shekarun 1960, irin su PDP-6 da PDP-10, kowace na'ura da ke haɗe da kwamfuta tana da gajeren suna mai ƙarewa da ruwa biyu: TTY: ga na'urar buga saƙo, LPT: ga firinta, PTR: da PTP: ga masu karanta tef na takarda da huda shi. Akwai kuma ƙaramar manhaja mai suna PIP wadda aikinta kwashe bayani daga wannan na'ura zuwa waccan. Gary Kildall, malami a makarantar horar da hafsoshin ruwa da ke Montare a jihar Kalifoniya, ya saba da wannan tsari. Da ya rubuta CP/M a 1974 domin ƙananan kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar Intel 8080, sai ya ɗauko salon sunayen, ya ɗauko har da sunan PIP. CP/M ta san na'urori huɗu: CON:, da LST: na buga takarda, da RDR: da PUN: na tef. PIP kuma ta ƙara wasu nata, cikinsu har da PRN:, wanda shi ma firinta ne amma yana sa wa layuka lamba yana raba shafuka, da NUL:, wanda a lokacin ba rami ne na zubar da bayani ba. Aikinsa fitar da baƙaƙen wofi guda 40, domin a bar farin wuri a bakin tef na takarda.

Abin lura a nan shi ne a CP/M sunayen nan ba su tsare wa kowa hanya ba. PIP da ƴan manhajoji irinta ne ke fahimtar su, kuma ruwa biyun da ke ƙarshe shi ne shaidar cewa na'ura ake nufi. Ita babbar manhajar, idan aka ce ta ajiye fayil mai suna CON, ajiyewa take yi.

Yadda ruwa biyu ya ɓace

A 1980 Tim Paterson na kamfanin Seattle Computer Products ya rubuta 86-DOS, wadda ta bi fasalin CP/M domin a samu sauƙin mayar da tsofaffin manhajoji kan sabuwar ƙwaƙwalwar 8086. Microsoft ta fara karɓar lasisinta, sannan ta saye ta ɗungurungum a Yulin 1981 kan dala 50,000, wata guda kafin IBM ta fito da kwamfutarta ta PC a watan Agusta. A wannan zuriya ce aka yi sauyin da ya haifi matsalar. An ciro sanin sunayen na'urori daga ƙaramar manhaja guda, aka dasa shi a zuciyar DOS, ta yadda kowace manhaja da ta iya buɗe fayil ta iya aika rubutu ga firinta ba tare da an koya mata komai ba. Mai aiki ya rubuta COPY WASIKA.TXT PRN, takarda ta fito. Ya rubuta COPY CON WASIKA.TXT, ya shiga buga wasiƙarsa kai tsaye. Tunani ne mai kyau, kuma Unix ta riga ta yi irinsa.

Sai dai Unix ta tanadar wa na'urorinta gida na musamman, wato foldar /dev, saboda haka /dev/null ba ya rikicewa da wani fayil mai suna null a wani wuri. DOS ta farko ba ta da folda ko ɗaya. Faifanta na kilobait 160 jeri guda ne mai ɗaukar sunaye 64. Ƙari a kan haka, manhaja tana miƙa wa DOS sunan fayil ne a cikin wani ɗan tsari da aka gada daga CP/M, mai gurbi ɗaya na lambar faifai, gurbi takwas na suna, gurbi uku na wutsiya. Babu inda za a ajiye ruwa biyu. Don haka sunan na'ura ya shiga gurbin sunan fayil tsirara, DOS kuma ta riƙa duba shi tun kafin ta leƙa faifai. Rubutun asali na MS-DOS 1.25, wanda Microsoft ta saki ga jama'a a 2014, yana nuna ɗan gajeren jerin sunayen da ake gwadawa, kuma a nau'in da aka yi wa IBM har da COM1 da LPT1.

Batun wutsiya kuwa yana da nasa dalili, wanda Raymond Chen, daɗaɗɗen injiniyan Microsoft, ya bayyana a rubuce-rubucensa kan tarihin Windows. Manhajojin wancan zamani sukan liƙa wa suna wutsiya da kansu. Manhajar da ke harhaɗa shiri za ta tambayi inda za ta zuba rahotonta, idan aka ba ta suna sai ta ƙara masa .LST. Wanda ba ya son rahoton ya ce NUL, wanda ke son sa a takarda ya ce PRN, manhajar kuma ta mayar da su NUL.LST da PRN.LST ba tare da ta san abin da take yi ba. Da DOS ta kula da wutsiya, da dabarar ta rushe. Sai aka sa ta kau da kai.

A Maris na 1983 DOS 2.0 ta fito tare da IBM PC XT mai babban faifai na megabait 10, ta zo da folda cikin folda da ta koyo daga Xenix, wato Unix ɗin da Microsoft ke sayarwa a lokacin. Nan ne aka samu damar gyara, kuma masu ginin sun gan ta. Sun tanadi wata foldar gaibu mai suna \DEV, sun kuma saka wani umarni, AVAILDEV, wanda idan aka kashe shi a cikin CONFIG.SYS, na'urori ba sa amsawa sai an kira su ta \DEV. Amma manhajojin da aka riga aka sayar ba su san da folda ba, PRN kawai suke cewa, kuma dole su ci gaba da aiki ko a wace folda mai kwamfuta yake tsaye. Saboda haka aka bar tsohon hali a matsayin na asali, ba a ma sanar da umarnin a littafin jagora ba, kuma da DOS 3.0 ta zo a 1984 aka cire shi. Daga nan sunayen suka zama suna nan a kowace folda, a kan kowane faifai.

Mutane kuwa ba su ɓata lokaci ba wajen mayar da aibin abin amfani. Umarnin IF EXIST na DOS fayil yake iya nema, ba ya neman folda. Sai masu rubuta jerin umarni suka gano cewa idan aka tambaya ko C:\AIKI\NUL yana nan, amsar tana zama e ne kawai idan foldar AIKI tana nan. Dabarar ta bazu cikin manhajojin girke-girke ba iyaka, kuma da ita ƙofar gyara ta ƙara rufuwa, domin yanzu akwai masu dogaro da kasancewar NUL a ko'ina. DOS 2.0 ta kuma ba da damar ɗora direban sabuwar na'ura, wanda sunansa shi ma ke zama haramtacce ga fayil muddin yana ɗore. Wannan ne ya sa masu rubuta direbobi suka riƙa zaɓen sunaye marasa daɗin faɗa irin su CLOCK$ da EMMXXXX0 da MSCD001, waɗanda ba wanda zai yi sha'awar raɗa wa takardarsa. DOS 3.3 ta ƙaro COM3 da COM4 a 1987.

Windows 95 da 98, da yake a kan DOS aka gina su, sun gaji abin har da ƙari. Adireshin da ya ƙunshi sunan na'ura sau biyu, kamar C:\CON\CON, yana kayar da kwamfutar gaba ɗaya ta nuna shuɗin allo. Ya isa mugun mutum ya saka wannan adireshi a shafin intanet a matsayin wurin hoto. Microsoft ta fitar da gyara a Maris na 2000, cikin sanarwar tsaro mai lamba MS00-017.

Windows NT, wadda ta fito a 1993 ƙarƙashin jagorancin Dave Cutler, ita ce kakar duk Windows na yau, kuma a nan labarin ya ɗauki wani salo da ya kamata ɗalibi ya riƙe da kyau. Zuciyar NT ba ta haramta waɗannan sunaye ba. Tsarin faifanta, NTFS, zai ajiye fayil mai suna aux.c ba gardama. Na'urori suna da nasu wuri dabam, inda NUL yake zaune da sunan \Device\Null. Haramcin yana wani bene ne na sama, wanda ake kira Win32, inda ake fassara adireshin da manhaja ta bayar zuwa wanda zuciyar ke ji. A cikin ɗakin karatun ntdll akwai aiki mai suna RtlIsDosDeviceName_U da ke duba ƙarshen adireshi, idan ya ga sunan na'ura sai a watsar da sauran adireshin a nufi na'urar. Wanda ya fara adireshinsa da \\?\ ya tsallake wannan fassara, ya isa ga faifai kai tsaye. Ke nan Windows da kanta ta zama manhajar jituwa da DOS, tana kwaikwayon halin da ita ba ta da shi a ciki. Har ma kwaikwayon ya haifi nasa abubuwan mamaki: COM10 ba ya amsawa sai an kira shi da \\.\COM10, amma COM¹ da COM² da COM³, masu ƙananan lambobin nan na sama, suna cikin haramtattu, domin an ɗauke su a matsayin lambobi.

Masu tafinta tsakanin gida biyu

Wahalar gaske ta faɗa ne a kan manhajojin da ke tsaye tsakanin Windows da Unix, domin kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. A wajen Unix, aux.c suna ne kamar kowane, kuma mai rubuta shiri da harshen C zai iya raɗa shi ga fayil ɗin da ya tara ƙananan ayyukan taimako. A wajen Win32 kuwa ƙofar siriyal ce.

Wine, wadda Bob Amstadt da Eric Youngdale suka fara a 1993, Alexandre Julliard kuma ya karɓi ragamarta tun 1994, aikinta gudanar da manhajojin Windows a kan Linux da danginta. Ba ta da zaɓi illa ta kwaikwayi halin baki ɗaya. Manhajar girke da ke tambayar C:\AIKI\NUL dole ta samu amsar da ta saba samu, in ba haka ba ta tsaya. Saboda haka Wine ta sake rubuta RtlIsDosDeviceName_U da hannunta, tare da dukan lanƙwashe-lanƙwashensa: kau da kai daga wutsiya, da yafe ruwa biyu a ƙarshe, da share sararin da ya biyo bayan suna. Da yake ba duk wannan aka rubuta a takardun Microsoft ba, hanyar da masu Wine ke bi ita ce rubuta gwaje-gwaje a gudanar da su kan Windows ta ainihi, abin da ta amsa shi ne doka. Bayan an gane sunan, sai a nema masa takwara. NUL yana ƙarewa ga abin da ke daidai da /dev/null. AUX ana ɗaukarsa COM1, PRN kuma LPT1, kamar yadda DOS ta saba. Su kuma COM1 da LPT1 ana samunsu a wata folda mai suna dosdevices, inda com1 alama ce da ke nuni ga /dev/ttyS0 ko wata ƙofar, kamar yadda c: ke nuni ga foldar drive_c, z: kuma ga tushen faifan Linux. A da mai kwamfuta ne ke ƙulla waɗannan alamu da hannu, amma tun daga Wine 2.8 a 2017 manhajar ke gano ƙofofin da kanta. CON ya fi sauran rikici, domin suna ɗaya ne mai fuska biyu: wanda ya buɗe shi don karatu madannai yake samu, wanda ya buɗe shi don rubutu fuskar kwamfuta yake samu.

Amincin nan yana da farashi. Fayil na Linux mai suna aux.c yana nan lafiya a kan faifai, ana ganinsa ta z:, amma manhajar Windows da ta nemi buɗe shi ta hanyar da aka saba za a kai ta ƙofar siriyal. Wine ba za ta iya gyara wannan ba tare da ta daina zama abin da aka gina ta ta zama ba.

Cygwin ta fuskanci matsalar ta ɗaya gefen. Steve Chamberlain ya fara ta a kamfanin Cygnus a 1995 domin manhajojin Unix su yi aiki a kan Windows, su kuwa ba su san wani haramci ba. Shekaru da dama maganin da ake da shi shi ne wata hanya ta musamman ta ɗora folda, inda ake sauya irin waɗannan sunaye a ɓoye kafin a ajiye su. Da nau'i na 1.7 ya fito a Disamban 2009, Cygwin ta koma magana da zuciyar NT kai tsaye, ta bi ta ƙarƙashin Win32, sai aux da nul suka zama sunaye halattattu a wajenta. Takardunta sun yi gargaɗi cewa kada a sa ran sauran manhajojin Windows za su iya taɓa irin waɗannan fayiloli. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan, kuma ga yadda abin ke faruwa a aikace. Wanda ya saba da DOS ya buɗe tagar umarni ta Git Bash, wadda ta samo asali daga Cygwin, ya rubuta > nul don ya zubar da sakamakon wani umarni. Maimakon haka sai a haifi fayil na gaske mai suna nul, wanda Explorer ke nunawa amma ta kasa gogewa, domin duk lokacin da ta miƙa hannu na'ura take kamawa. Sai an koma tagar da ta haife shi, ko an kira shi da adireshi mai farawa da \\?\, sannan ya gogu.

Samba, wadda Andrew Tridgell ya fara a Kanbera ta Ostareliya a farkon shekarun 1990 domin kwamfutar Unix ta raba wa kwamfutocin Windows fayiloli, ta zaɓi sa wa fayil ɗin baƙar riga. Tana riƙe da jerin haramtattun sunaye, idan ta ci karo da ɗaya a faifan Unix sai ta nuna wa Windows wani ƙirƙirarren gajeren suna mai alamar ~ a ciki. Fayil yana buɗuwa, sai dai mai shi ba lalle ya gane shi ba.

Akwai kuma waɗanda suka ga ƙin karɓa ya fi. Dalilinsu tsaro ne, kuma tarihi ya goyi bayansu. Sabar intanet da ke kan Windows, idan baƙo ya nemi shafi mai suna aux, tana iya buɗe ƙofar siriyal ta zauna jiran bayanin da ba zai zo ba. Apache ta toshe irin wannan rami a nau'inta na 2.0.44 a farkon 2003. A 2017 wani ya ɗora ƙunshi mai suna nul a rumbun manhajojin harshen Rust, sai masu Windows suka kasa sabunta jerin rumbun, domin kowane ƙunshi yana da fayil mai sunansa a cikin jerin. An cire shi, aka kuma haramta sunayen. Git a kan Windows, tun gyare-gyaren tsaro na ƙarshen 2019, tana ƙin fitar da fayil mai irin wannan suna, ta ce adireshin ba ingantacce ba ne. Rubutun asali na Linux kansa ya daɗe yana ɗauke da aux.c da aux.h a sashen direban nouveau, abin da ya hana a sauke shi cikakke a kan Windows, har daga baya aka sake musu suna zuwa auxch. A nan Unix ce ta sunkuya wa dokar da ba tata ba, kuma da wuya a ce ta yi kuskure, tun da sake sunan fayil biyu ya fi araha a kan jiran Microsoft.

Microsoft ɗin ta motsa daga ƙarshe. Windows 11, wadda ta fito a 2021, ta sassauta fassarar, ta yadda suna mai wutsiya irin con.txt ya daina zama na'ura kai tsaye, kuma takardun kamfanin suna shawartar mai son na'urar ya kira ta da cikakken sunanta, \\.\CON. NUL ne aka bari da yawancin tsohon halinsa a ƙarshen adireshi, wanda shi ne abin da dabarar IF EXIST ke buƙata. Ga masu manhajojin jituwa wannan ƙarin aiki ne, domin yanzu halin Windows ya kasu biyu, kuma fayil ɗin da aka ƙirƙira lafiya a Windows 11 yana iya gagarar Windows 10 da ke ofis ɗaya da ita. Shi ya sa masu dubawa suka ci gaba da bin tsohuwar doka mai tsauri. Harshen Go ya ƙaro aikin IsLocal a nau'insa na 1.20 a 2023, wanda a kan Windows ke ƙin sunaye irin su NUL da COM1. Python kuma ta ƙaro os.path.isreserved a nau'i na 3.13 a 2024, tare da bayani a takardunta cewa aikin kintace ne kawai na dokokin, domin suna sauyawa daga wannan fitowar Windows zuwa waccan.